Ku Tafi Inda Ba Wanda Ya San Ku

Kwaya, ranar Laraba bayan La'asar

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Zuwaira, da fatan takardar nan ta same ku lafiya kamar yadda ta bar mu. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe, ya sassauta muku hanyar da kuke shirin ɗauka. Innarka tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi. Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka na bar shi nan.

Saƙonka na waya ya iso, sau uku na saurare shi. Kai Sanusi, yaushe ka koyi kewaye-kewaye haka? Ka gaishe ni, ka tambayi gero, ka tambayi jakin da ya mutu tun bara, kafin bakinka ya iya furta cewa ka samu konje, hutun wurin aiki, za ka kai matarka bakin teku ta huta. Ka ce wuri uku kuka duba: Kwatano, inda 'ya'yan Baffanka Iliya suke, Lome, inda rabin samarin Magarya suke, sai wani ɗan garin masunta a Senegal wanda ko sunansa kunnena bai kama ba. Ka ce Zuwaira ta zaɓi na ukun. Daga nan muryarka ta yi ƙasa kamar mai neman gafara, wai ka san zan ce almubazzaranci ne, ga gidajen 'yan'uwa a buɗe ku tafi ku kama otel.

To ga abin da na ce. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ce alhamdulillahi, na sake cewa alhamdulillahi. Tun da cikin Zuwaira ya zube bara hankalina bai kwanta a kanku ba. Da ta tafi gidansu a Mallawa aka ce hutu ta je, ta yi wata biyu, kowa ya san ba hutu ba ne. Ta dawo, amma da kuka zo Sallah na ga irin zamanku, kai kana duban waya, ita tana duban ƙasa. Na san wannan zama, domin na yi shi. Tsorona ɗaya ne, in ta sake tafiya Mallawa ba za ta dawo ba. Yau na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Abin da zan faɗa maka ba na waya ba ne, shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na tsira da shi daga lekol, makarantar zamaninmu. Ka taso kana jin cewa Baba ya taɓa zuwa Kwatano fatauci. Ba fatauci na je ba. Innarka na ɗauka zan nuna mata teku, kuma har yau ba ta gan shi ba.

Kafin a haife ka muna da 'ya, Mariya, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara biyu. Innarka ta daina magana. Tana dafa abinci, tana amsa sallama, shi ke nan. Wata rana na raka ta likita a Dungas, muna jira a kan benci, sai ga almanaka a bango mai hoton teku da itatuwan kwakwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wai da gaske akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa?" Wata huɗu ban ji ta tambaye ni komai ba sai ranar. Nan take na ce mata wallahi in gyaɗa ta yi kyau sai na kai ta ta gani da idonta. Gyaɗa kuwa ta yi kyau.

Kuskurena na farko tun ban bar Kwaya ba na yi shi. Ban tambayi kowa ina teku ya fi daɗin zama ba. Ita kanta ban tambaye ta ba. Tambaya ɗaya na yi, irin tamu: a ina muke da mutum? Aka ce ai ga Yaya Iliya a Zangon Kwatano, gida babba, ba sai ka nemi masauki ba. Na ga na yi dabara. Muna isa, mata suka tarbe ta da guɗa suka shige da ita ciki, ni aka kai ni ɗakin baƙi maza. Kwana goma sha biyu muka yi a gidan nan, ban zauna da matata mu biyu ba ko na tsawon shan shayi. Ita kuma matar ƙane ce a gidan wan mijinta, ina za ta miƙe ƙafa ana aiki? Shara, wanke-wanke, tuƙin tuwon mutum ashirin. Na ɗauke ta daga murhun Kwaya na yi tafiyar kwana uku da ita na ajiye ta a murhun Kwatano. Mutanen gidan ba su da laifi, karamci suka yi mana iyakar saninsu.

Don haka kada ka ji kunyar otel ɗin nan. Gidan ɗan'uwa wurin zumunci ne, kuma zumunci yana da ranarsa. Wannan tafiya ba tasa ba ce. Ku sauka inda ba wanda zai raba ku a ƙofa, inda Zuwaira za ta tashi da safe ba tsintsiya a hannunta. In wani ya ce yana da aboki a garin da zai karɓe ku, ka yi godiya, ka manta lambar.

Na biyu shi ne sallama. Ka san al'adarmu, mai tafiya ba ya fita sai ya bi gida gida. Na bi. Gidan da na shiga duk na fito da saƙo. Wannan ƙullin kuka ne a kai wa ɗanta, wannan daddawa, wannan kilishi, wannan laya a kai wa jikan da ba shi da lafiya. Mai unguwa na lokacin ya ba ni zabi biyu masu rai in kai wa surukinsa. Zabi, Sanusi, tun daga Kwaya har Kwatano a ƙarƙashin kujerar kar, babbar motar fasinja, suna kuka, jandarmomi na dariya a kowane shinge. Ban da masu cewa in sayo musu abu: atamfa mai kaza-kaza, bel na injin markaɗe, agogon hannu, maganin basir. Ba wanda na iya ce wa a'a. Yaya zan kalli dattijuwar da ta goye ni in ce mata ba ni da wuri a jaka?

Kuma saƙon mutanenmu ba shi da adireshi. "Ka kai wa Habu, yana sayar da albasa kusa da wata gada." Kwana biyu na yi ina neman Habu mai albasa. Da na same shi sai ya riƙe ni cin abinci, ya haɗa ni da wani saƙon na dawowa. Kullum da safe in leƙa ƙofar mata in ce wa innarka, "Bari in sauke na mutane, gobe sai namu." Ita kuma ta ce, "To, Malam." Goben nan ta yi ta tafiya gabana kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Shawarata a nan gajeriya ce. Jaka biyu, taka da tata. Abin da ba naku ba kada ya shiga. Wanda ya ji haushi zai huce kafin kaka mai zuwa, na gwada mutanen garin nan shekara sittin, fushinsu ba ya kai wata.

Na uku zai ba ka dariya, ni ma yanzu yana ba ni. Mun tashi a ƙarshen bazara, lokacin da a nan rana ke fasa ƙasa, ba ko gajimare ɗaya. A tunanina sama ɗaya ce, in ba ruwa a Kwaya ba ruwa a ko'ina. Ashe can lokacin ne daminarsu take tsakiya. Ruwa safe, ruwa yamma, titunan Zango sun zama kududdufi, hoton almanaka ko alamarsa babu. Ni kuma manomi, maimakon in damu, sai in tsaya a bakin zaure ina kallon ruwan ina cewa, "Kai, da wannan a gonata ya sauka." Innarka tana jiran rana ta fito, mijinta yana yi wa ruwa kirari.

An ce mini daminar Senegal kusan tare take da tamu, in haka ne tafiyar bayan kaka ta yi daidai. Amma kada ka dogara da an ce. Ka kira mutanen otel ɗin, ka tambaye su da bakinka: a watan nan rana kuke yi ko ruwa, iska tana da ƙarfi ko a'a, akwai inuwa a bakin ruwan ko fili ne fetal. Ka tambayi abincinsu ma, Zuwaira ba ta son kifi mai ƙarni, na lura da haka ranar da aka kawo na tafki. In kai ba ka lura ba, to ka fara lura.

Yanzu na zo wurin da alƙalamin ke yi mini nauyi.

Rana ta tara gari ya waye tas, rana ta fito. Lahadi ce, ba kasuwa sosai, mazan Zango suka ce a je a nuna wa baƙo teku. Na tashi na nufi ƙofar mata. Ina jin muryar innarka a ciki, tana tankaɗe. Abin da ya rage kawai in ce ta ɗauko mayafi. Sai wani tela, Hamidu, mai bakin tsiya, ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Malam Isa, amaryar za ka ɗauko? To ka zo da zanen goyo." Zaure ya ɗauki dariya. Na juyo ina dariya tare da su, na ce, "Haba, wurin 'yan tsirara ne, ai bai dace da mace ba." Ban taɓa ganin wurin ba, ban san ko da 'yan tsirara ko babu ba. Tsoron bakin tela ne kawai. Na ji kunyar a gan ni ina tafiya da matata a titi, na bar ta da rariya a hannu.

Muka je. Ba zan iya kwatanta maka tekun ba, za ka gani. Akwai mata a wurin, da zannuwansu da lulluɓinsu, wasu da mazansu, ba wanda ya kalle su. Ni kuma don in nuna wa mutanen Zango cewa ɗan Kwaya ba baƙon ruwa ba ne, na naɗe wando na shiga. Tun ina yaro nake iyo a tafkin bayan gari, na ɗauka duk ruwa ruwa ne. Tafki yana zaune ne inda ka same shi. Wannan kuwa zuwa yake ya koma, kuma in zai koma da yashin ƙarƙashin ƙafarka yake tafiya. Igiyar ruwa ɗaya ta buga ni ƙasa, ta biyu ta ja ni. Wani masunci ne ya cafko wuyan rigata ya fizgo ni, yana zagina da yaren da ban sani ba, na kuma gode masa. Hulata ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi.

Ka riƙe wannan da kyau: ku zaɓi wurin da ruwan yake kwance, ku tambayi masunta inda ake shiga da inda ba a shiga, abin da suka ce shi ne. Kada ka yi wa matarka bajinta da teku. Ba ta bukatar jarumi, mijin da zai dawo da ita gida take bukata.

Da muka koma Zango, innarka ta fito kawo mini ruwan alwala. Ta dubi rigata, ta dubi ƙafata. Ta ce, "Malam, ina takalminka ɗaya?" Na ce, "Teku ya ci." Ta ce, "Ashe ka je." Ta ajiye butar ta koma ciki. Da ta zage ni a gaban mutanen zauren nan da ya fi mini sauƙi.

Na rantse a raina gobe zan kai ta. Gobe ruwa ya dawo, ga bel na injin markaɗe ban samo ba, ga atamfar mutane. Ranar tafiya ta zo. Da hantsi, tana can tana sallama da matan gida ɗaki ɗaki, na hau kabu-kabu ni kaɗai na je bakin teku na cika kwalba da ruwan. Ka ji wautar ubanka: ina da lokacin kai kwalba, ban da lokacin kai mace. A tasha, muna zaune a kan kayan mutane muna jiran kar, na ciro ta na miƙa mata, har ina jin na yi abin kirki. Na ce, "Ga tekun naki." Ta ɗaga kwalbar ta dubi ɗan yashin da ya kwanta a gindinta. Ta buɗe, ta taɓa a harshe, ta ce, "Gishiri ne." Ta rufe, ta ajiye a ƙarƙashin benci. Muka hau mota, kwalbar tana can.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Ta haifa mini ku biyar, ta riƙe gidan nan da hannu biyu, kai shaida ne. Amma irin tambayar da ta yi mini a gaban almanakar nan, ta mutumin da ya buɗe ransa yana jiran mijinsa ya amsa, ba ta sake yi mini irinta ba. Shekara talatin muna zaman lafiya, kalmar teku ba ta shiga tsakaninmu ba. Na yi niyyar gyarawa sau da yawa, sai shuka ta zo, sai haihuwa, sai aurar da wannan, har gwiwarta ta ƙi doguwar mota. Abin da nake tsoron ya same ka ke nan. Mace tana iya zama a gidanka har tsufa alhali ta daɗe da rufe wata ƙofa, kai kuma kana cewa ai lafiya lau muke.

Saboda haka in kun isa, kada ka mayar da tafiyar wani aiki. Ba dole sai kun ga kowane wuri ba. Ka kashe wayar nan taka, biro, wurin aikin naka, ba zai rushe ba. Ka zauna kusa da ita. In ta yi maganar cikin da ya zube, kada ka yi saurin cewa sai haƙuri, ta ji wannan daga bakin mutum ɗari. Ka bar ta ta faɗa, kai ma ka faɗi naka, domin na san kai ma ka yi kuka, a ɓoye dai, irin na gidanmu. In kuma ba ta ce komai ba, ku kalli ruwan tare, ya isa.

Yanzu ga abin da ya faru a nan. Ƙanwarka Hassana ba ta iya riƙe magana, kafin kwana biyu duk Kwaya ta san Sanusi zai hau jirgin sama. Jiya da safe sai ga Gwaggonka Sa'a da ƙullin kuka da daddawa, wai a kai wa ɗan maƙwabciyarta da aka ce yana Dakar, ko Dakar ko wani gari mai kama da haka. Bayanta mai gyaran moto, bayansa ƙanen liman, kafin azahar zaurena ya fara kama da na wancan lokacin. Na tashi na tsaya a ƙofa. Na ce kowa ya ɗauki kayansa, jirgin sama ba ya ɗaukar daddawa. Ban sani ba ko gaskiya ne, Allah ya yafe mini. Gwaggonka ta riƙe haɓa ta ce, "Isa, yaron nan nasara ya zama, da zai bar ƙasa ba sallama?" Na ce, "A'a Yaya, ya dai fi ubansa hankali ne." Ta tafi tana mita, da yamma kuma ta aiko mini da fura. Shekara talatin na makara da wannan a'a ɗin, amma da na faɗe ta na ji daɗi har cikin ƙashina.

Don haka kada ku zo Kwaya sallama. Takardar nan ita ce sallamarmu, na yafe muku zuwa, innarka ta yafe. Daga Damagaram ku wuce Yamai kai tsaye. Wanda ya yi ƙorafi ka turo shi wurina.

Saƙo ɗaya ne kawai zan ɗora maka, shi ma ba nawa ba ne. Ɗazu ina cikin rubutun nan a gindin itacen bedi, innarka tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri. Ka san ba ta karanta boko, amma ta iya karanta ni. Ta ce, "Malam, tun azahar kake rubutu, saƙo kake jera wa yaron?" Na ce a'a, hana saƙo nake yi. Ta ce, "To ni ina da ɗaya." Ba ta ɗago kai daga gyaɗar ba ta ce, "Ka ce wa Zuwaira ta cire takalmi ta shiga har gwiwa. Ka ce wa Sanusi ya riƙe hannunta ko duk garin na kallo. Kuma kada wanda ya kawo mini ruwa a kwalba."

Sai ta yi dariya, Sanusi. Dariya sosai, har ta share ido da bakin zane. Ni ma na yi, ban san lokacin da tawa ta koma wani abu ba. Da ta nutsu ta ce, "In sun dawo, ta zo ta zauna nan ta ba ni labari da bakinta. Ina so in ji ko da gaske ba a ganin ƙarshensa."

Ni da na gani da idona ina zaune kusa da ita, ba ni ta tambaya ba, kuma tana da gaskiya. Amma ta sake tambaya, a gabana, ina raye na ji. Wannan kai da matarka kuka jawo mini shi, Allah ya yi muku albarka.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na baki. Ya sa ku sauka cikin mutanen kirki waɗanda ba su san ku ba. Ya sanyaya zuciyar Zuwaira, ya mayar muku da abin da kuka rasa a lokacin da ya ga dama, ya dawo mana da ku biyu kuna hira. Ka gaishe ta, ka ce mata innarta tana jiran labari.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa